Kujerar Baba a Rijiya

Antofagasta, farkon Maris

Primo Leider, ɗan uwana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Yamile da yara, kuma ƙafar nan da firji ya danne maka ta saki. Ni ƙalau nake, ban da leɓɓana da iskar saman dutse ta tsattsaga. Gobe motar kamfani za ta kwashe mu zuwa sansanin ma'adinai in koma gaban tukwanena, kuma ka san sabis ɗin can rubutu kaɗai yake ɗauka, shi ma sai ya ga dama. Shi ya sa na zauna na rubuto maka tun yau.

Raina a ɓace yake tun ranar Lahadi. Wane mara aikin yi ne ya zauna a ofis ya ce gem ɗin nan namu yana bukatar gyara? Shekara da shekaru mu huɗu, ni da kai da Baba da Efraín mai aski, muna sauka ramin nan da Baba ya raɗa wa suna Rijiya muna harbin ƙwarin ƙarfe, ba wanda ya kai ƙara. Ƙofofi suna inda suke, harsashi yana inda yake, wanda ya faɗi a ɗaga shi a wuce. Yanzu wai sun sabunta. Duk shiga sai ɗakuna sun sauya wuri. Rayukanmu an juye su a kwano ɗaya, wanda ya mutu rabon kowa ya ci, in kwanon ya ƙare kuwa wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. In muka ƙare duka, a mayar da mu bakin rijiya da 'yar ƙaramar bindiga kamar ba mu taɓa shiga ba. Tsohon salon kuma sun ɗauke shi ɗungurungum, ko sallama babu.

Ni ba ta kaina nake yi ba, Baba nake ji. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgi mai inji a lungunan ruwan kurmi, ya haddace kowace kwana, haka ya haddace Rijiya. Shi ne a gaba kullum. "Dama, mija, 'yata, akwai biyu bayan tanki." Kuma suna nan ɗin. Ka san shi a waya tun rasuwar Mama: "Lafiya. Na ci abinci. Sai an jima." Amma da zarar ya sa abin kunnen nan sai ya dawo ubana. Ya zage ni, ya yi mini dariya, ya ba ni labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu a unguwa, duk yana harbi. Sa'ar nan ta yammacin Lahadi ita ce abin da ya rage mini na mahaifina, ba ni da wata.

Ka ji abin da ya faru da kunnenka. Ya ce dama, muka yi dama, muka tarar da bango. Shi kaɗai ya cinye kwanon rayukan kafin mu bar hawa na farko. Efraín ya ja tsaki, tsakin da na ji shi har nan Chile. Sai Baba ya ce, "Ku yi haƙuri, yara." Leider, Arcadio Riascos bai taɓa ba wani haƙuri ba, ko Mama da ta haifa masa ni. Na kashe na'ura na zauna ina kuka kamar sakarya.

Kai ne kusa da shi. Don Allah ka yi duk abin da za ka yi kada ya sake jin kunya irin wannan kafin in sauko. Ka kuma gaya wa Efraín in ya sake ja wa ubana tsaki, zan dawo gida musamman saboda shi.

Taka,
Edilma

Buenaventura, tsakiyar Maris

Prima Edilma,

Na samu saƙonki, na gode da gaisuwa. Ƙafa ta saki. Yamile tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man kwakwa a leɓen. Mu nan ruwa bai ɗauke ba tun tafiyarki, har firjin mutane sun fara tsatsa a shagona kafin in taɓa su. Kawuna Tío Arcadio yana lafiya. Sukarinsa yana hawa yana sauka, domin maƙwabciyarsa Doña Herminia ba ta daina ɗura masa kifi da miyar kwakwa ba, shi kuma bai daina cewa likitoci maƙaryata ne ba.

Kada ki ji haushi, amma ni ban ga laifin masu gem ɗin nan kamar yadda kika gani ba. Da can me muke yi? Mutum huɗu suna bin hanya ɗaya da suka bi sau babu adadi, kowa yana harbin nasa, baki yana hira. Ko barci nake zan iya. Yanzu kuwa dole ka kula da na kusa da kai, don in ya mutu kai ya cuta. Kuma ba ki kai inda daɗin yake ba. Duk hawan da aka gama sai a jera wa kowa kyauta uku ya zaɓi ɗaya. Wata harsashinta yana dukan bango ya dawo, wata tana warkar da abokinka amma ta rage maka ƙarfi, wata ta ba ka gudu ta hana ka sulke. Sai an tsaya an yi shawara, wa zai ɗauki me, har a yi faɗa. Ranar nan hannuna har gumi ya yi, rabona da haka na manta.

Lahadin da ta biyo tafiyarki mun sake gwadawa mu uku. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya fi na farko muni. Tío ba ya sauraron kowa. In aka jera kyaututtukan, ko karantawa ba ya tsayawa yi, ta tsakiya yake dannawa, kullum ta tsakiya. Na ce, "Tío, wannan ta masu gudu ce, kai ba ka gudu." Ya ce, "Da na fara harbi a ramin nan kana ina?" Taurin kan gidanku ne, kin san shi tunda kin gada.

Amma ki kwantar da hankalinki. Na yi abin da kika ce. Tío yana hutawa, ba wanda ya sake ja masa tsaki, kuma bai sake ba kowa haƙuri ba. Ki mai da hankali kan tukwanenki kada ki ƙona wa masu haƙar tagulla wake.

Naki,
Leider

Antofagasta, farkon Afrilu

Leider,

Ina gaishe ka domin haka aka koya mini, ba domin ka cancanta ba. A gaishe da Yamile, ita ba ta yi mini komai ba. Na sauko lafiya.

Jiya Lahadi na yi wanka, na dafa kofi, na kunna Rijiya da murnata. Na ga sunanka, na ga na Efraín, na ga wani wai shi Duván a kujerar Baba. A gefen sunayenku kuma ga tambarin nan mai ruwan zinariya na waɗanda suka kai ƙasan ramin. Kafin in buɗe baki kuka ɓace ku uku lokaci ɗaya kamar kyankyasai an kunna fitila.

Na kira Baba. Ya ce, "Ai sun rufe wasan, mija, gyara suke yi. Leider ya ce in sun gama gayyata za ta shigo da kanta. Na ci abinci. Sai an jima." Ƙit ya kashe. Ban gaya masa abin da na gani ba.

Sai na kira Doña Herminia. Ka san abin da ta ce mini? Kowace Lahadi bayan an taso daga coci sai ya sa rigarsa mai guga, ya zauna gaban talabijin, ya sa abin kunne, hannun gem a cinya, wai ko sun gama gyaran yau. Haka zai zauna har rana ta faɗi, sannan ya cire ya naɗe wayar. Ta ce ta tambaye shi, ya ce direban kirki ba ya barin jirgi don inji ya tsaya. Duk lokacin nan kai kana shagonka, tazarar 'yan lunguna, kana zaɓen kyauta da Duván, ƙanin matar mai aski.

Wannan ne "Tío yana hutawa"? Ka raina mini hankali, Leider. Na karanta layin nan a sansani na ji sanyi a raina, har na ƙara wa ma'aikata nama ranar saboda farin ciki. Ashe korar sa ka yi, ka lulluɓe da ƙarya, ka aiko mini in sa maka albarka.

Shi ya koya maka riƙe inji lokacin da ba wanda yake son ganinka a bakin ruwa. Kakarka Mamá Chepa da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Ka sayar da shi a kan tambarin da ko taɓa shi ba za ka iya ba. Ina jiran amsarka, kuma kada ka fara mini da labarin ruwan sama.

Edilma Riascos

Buenaventura, ƙarshen Afrilu

Edilma,

Muna lafiya. Ina fatan kina lafiya. Na jinkirta amsa da gangan, domin da na rubuta a ranar da saƙonki ya zo, da zumuncin nan namu, wanda dama sai an zauna an lissafa kakanni ake gano shi, ya ƙare.

Ga maganarki, ban ƙara ba ban rage ba: "Ka yi duk abin da za ka yi kada ya sake jin kunya." To ki gaya mini, uwar masu hikima, ta yaya mutum zai daina jin kunya a wasan da yake mutuwa a ɗakin farko? Kina tsammanin ban gwada ba? Na ɗauki kyautar warkarwa na bi bayansa kamar mai raino. Na sa Efraín ya riƙa share masa hanya. Ya gane, ya ce mini, "Ni jariri ne?" ya zage ni har kakata, wadda gwaggonsa ce. In ya shiga, kunya. In an kare shi, kunya. Hanya ɗaya ta rage, na bi ta. Ke kina can saman dutse kina aiko da umarni kamar mai kamfani, ni ne nake haɗa ido da shi a kasuwar kifi.

Kuma e, na ji daɗi da muka kai ƙasa. Duván ya iya, ba ya gardama. Na yi ihu har Yamile ta fito da ludayi a hannu. Ni ma mutum ne, mako guda ina shaƙar iskar gas ɗin firji, Lahadi ɗaya gare ni. Ki ƙara wannan a kan laifuffukana.

Amma tunda kina son ki ji ciwo, bari in ba ki mai dalili. Asirin ya tonu. Ranar Asabar Tío ya je aski. Yana kan kujera, kumfa a rabin fuska, sai ga Duván ya shigo yana baki: "Kai, Efraín, ka tuna ƙaton nan na ƙasan rami da muka kayar ranar Lahadi?" Efraín yana ta ƙifta masa ido, sakaran bai gane ba, har yana kwaikwayon harbin. Tío ya ce, "Wace Lahadi?" Ya cire zanen aski da kansa, ya ajiye, ya fita da rabin gemu.

Da yamma ya zo shagona cikin ruwa, ba laima. Ya ɗora hannun gem ɗinsa a kan wani firji, an naɗe shi a leda kada ya jiƙe. Ya ce, "Ka gyara wannan ma, tunda kai ne masanin abin da ya lalace." Na ce Tío ka zauna in yi maka bayani. Ya ce, "Tambaya ɗaya. Edilma ta sani?"

Na rikice. Na ce masa ke ce kika ce kada a bar shi ya ji kunya. Gaskiya na faɗa, amma na ga yadda ta shige shi. Ya gyaɗa kai, ya dafa bango ya fita. In kin ga bai ɗauki wayarki ba kwanan nan, dalilin ke nan.

Yanzu ki zage ni da hujja.

Leider Angulo

Sansani, farkon Mayu

Leider,

Ina raye, tunda ka tambaya da rabin baki. Ina rubutu a bayan kicin, a tsaye, inda sabis yake leƙowa.

Kafin in hawo sansani na kira shi har yatsana ya gaji. Na ɗauka ciwo ne ya kwantar da shi, na hana kaina abinci. Ashe ka ɗauki ƙaryarka ka rataya mini a wuya, ka bar ubana yana tunanin 'yarsa ce ta ce a ture shi gefe. Na ce ka tare masa kunya, ban ce ka binne shi da ransa ba. In maganata ba ta fito maka ba, me ya hana ka tambaye ni? Ba ka tambaya ba domin amsar da ka ba kanka ta yi maka daɗi.

Ba roƙonka nake ba yanzu. Ka ɗauki hannun gem ɗin nan ka mayar masa har gida. Ka gaya masa abin da na rubuta da abin da kai ka aikata, kowanne daban, kada ka gauraya. Ka ce ina sauka a tsakiyar wata, kuma ranar Lahadi zan zauna in jira shi kamar yadda ya zauna ya jira ku. Duván ɗinka kuma kada in ga ko inuwarsa.

In ka gagara wannan, ka daina kira na prima, ni ba 'yar uwarka ba ce.

Edilma

Buenaventura, mako na biyu na Mayu

Prima,

Na kira ki haka ko kin so ko kin ƙi. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi ta warke. Allah ya sauko da ke lafiya.

Na je. Na tarar da shi a ɗaki, kujerarsa ta kusa haɗuwa da talabijin, ko da yake a kashe take. Gemun ya aske sauran da kansa, ya yanke fuska wuri biyu. Na gaishe shi, ya ce, "Wa ke nan?" don dai ya wulaƙanta ni. Na faɗa masa komai a tsaye, domin bai ce in zauna ba. Na ce ƙaryar tawa ce ni kaɗai, ke ba ki da hannu.

Can ya ce, "Ita ta ce ina jin kunya?"

Na ce, "Ta ji ka ba mu haƙuri, Tío."

Ya ce, "To ita ma ta ga na zama kaya."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce in rufe masa baki, manya suna tunani. Doña Herminia ta leƙo da kofi, ya kore ta, ta ajiye kofin ta ce ba don shi ta kawo ba, don baƙo ne. Ya ɗauka ya shanye.

Ga abin da ya yanke, kuma ya sa na rantse da Budurwa Maryamu zan faɗa miki daidai. Zai shiga Lahadi ɗaya. Ba mai tsaya masa a gaba, ba mai bin sa da magani. In shi ne ya fara faɗuwa, ya bar Rijiya ke nan har abada, kuma kada wanda ya sake yi masa zancenta, har ke. Na ce Tío wannan sharaɗin ai ka riga ka faɗi. Ya ce, "Ba ruwanka."

Na gaya wa Duván ya nemi wasu. Efraín yana ta gunaguni wai za mu koma cin ƙasa, na ce ya zo dai. Na yi nawa. Abin da zai faru ranar Lahadi kuma ke kika nema, kada ki ɗora mini.

Leider

Antofagasta, Litinin

Leider,

Na kwana lafiya, in za a kira wannan kwana. Ina fatan kun tashi lafiya. Kai da Efraín kuna can gaba jiya, kun ji na yi shiru kun ɗauka fushi ne. Ba ku ga abin da na gani ba.

Na karya sharaɗinsa, na sani. Duk ƙwaron da ya nufo shi sai na shiga tsakani, har na cinye kwanon rayukan ni kaɗai, Efraín yana ta ihu wai na haukace. Da na faɗi faɗuwar ƙarshe, sai gem ɗin ya ɗauke ni ya sa ni a idon Baba. Haka sabon salon yake yi da matacce, ya bar shi ya kalli abin da abokinsa yake kallo. Ban taɓa riga shi mutuwa ba, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Leider, bindigarsa bango take kallo. Ƙofa tana nan a hagunsa, a buɗe, da fitila ja a kanta, shi kuma yana tafiya yana gogar bango kamar mai neman makunni a ɗaki mai duhu. In ƙwaro ya yi ƙara sai ya juya wajen ƙarar ya yi harbi, sau da yawa ya samu. Da kunne yake wasan nan. Da aka jera kyaututtuka, rubutu manya-manya, ya danna ta tsakiya domin a kanta alamar take tsayawa. Wannan ne taurin kan da ka ce na gada.

Na rufe muryoyinku na bar tasa kaɗai. Na ce, "Papá, ƙofar tana hagu."

Ya ce, "Wa ya ce ki mutu?"

Na ce, "Hagu, Papá."

Na ji numfashinsa a kunnena. Sai ya ce, "Hagu nawa? In za ki yi mini ɗan goshi ki yi da kyau. Mai tsayawa a goshin jirgi ba ya cewa hagu kawai, yana cewa kaɗan ko da yawa."

Haka muka yi. Kaɗan, da yawa, tsaya, biyu a sama, harba. Na karanta masa kyaututtukan ya zaɓa da kansa, har yana cewa masu gem ɗin ba su san bindiga ba. Ka ga da idonka ya kai hawa na uku. Da ya faɗi, kuna can kuna fama, na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun bara. Idon hagu ya tafi, na dama kamar ta gilashin mota ana ruwa. Tsohuwar Rijiya ba ta bukatar ido, yana da ita a ka, unguwa ma haka. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Don ki bar aikinki ki zo ki zauna kina kallona?" Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba. Ya bari na gama, ya ce ba shi ya fara faɗuwa ba, saboda haka sharaɗi bai kama shi ba.

Ina jin haushinka da kake ganinsa kullum ba ka lura ba. Ina jin haushin kaina fiye da haka. Amma ba lokacin wannan. Ka kai shi Cali wurin likitan ido a makon nan, ko ɗaure shi za ka yi.

Saura magana ɗaya, kuma ka karanta ta sau biyu kada ka sake fassara ni yadda ka ga dama. Ba zan iya shiga idonsa ba sai na mutu mutuwar da ba tashi, wato sai kwanon ya ƙare. Don haka duk Lahadin da nake ƙasa, a ɗakin farko zan zubar da rayukan nan duka da gangan. Kowa zai sauka da rai ɗaya, bindiga uku maimakon huɗu. Da mu ba za ka sake ganin ƙasan ramin ba har abada. In tambari kake so, ga Duván can. Ka zaɓa, ka gaya mini a fili.

Edilma

Buenaventura, ƙarshen Mayu

Prima Edilma,

Mun dawo daga Cali lafiya, ban da bayana da hanyar dutsen nan ta kakkarya. Yamile tana gaishe ki. Na karanta sau biyu kamar yadda aka umarce ni.

Efraín ya tafi. Ya ce shi ba zai ɓata Lahadinsa yana kallon mace tana kashe kanta a bakin ƙofa ba. Na ce Allah ya raka taki gona, na kuma sauya wurin aski. Ni ina nan. Kada ki ɗauka na huce, har yanzu ina ganin kin zalunce ni a wasu maganganun, kuma sabon salon ya fi tsohon, ko za ki mutu. Amma lokacin da kike sansani zan rufe shago in je in zauna kusa da shi in yi masa ɗan goshin da bakina, kada ya manta hannu.

Tafiyar Cali sai da Doña Herminia ta ɓoye masa takalma ta ce ba za ta fito da su ba sai in mota zai shiga. A hanya bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, ya ce in gaya miki kina jinkiri, ɗan goshi yana faɗin kututture tun kafin a kai gare shi, ba bayan an buga ba.

Ya ce kada in faɗa miki abin da likita ta ce. Na gaji da riƙe wa 'yan gidanku magana, ga shi. Na hagu ba abin da za a yi masa. Na dama sukari ya ci shi sosai, za su gwada allura su rage masa gudu, amma ta ce mu shirya, wata rana ko hasken talabijin ba zai bambance ba. Ta tambaye shi ko yana da tambaya.

Ya ce, "Kunnuwan fa?"

Ta duba takardunta, ta ce kunnuwansa ƙalau suke, sun fi na wasu samari.

Ya laluba ya ɗauki hularsa, ya miƙo mini hannu in riƙe, karo na farko. Ya ce, "To tashi mu tafi. 'Yata tana jirana ranar Lahadi."

Kada ki makara.

Naki,
Leider